Abin da ke cinye koren ganyen miya tsakanin lambu da tukunya

A unguwar Bulumkutu da ke yammacin Maiduguri, a kan hanyar Damaturu, cinikin ganyen miya tsere ne da rana. Alayyahu da yakuwa da zogale da lawashi da latas, waɗanda ake yankowa daga lambunan bakin kogin Ngadda da kewayen Alau, kan iso hannun masu tebur da masu talla da sassafe suna kore shar. Kafin la'asar sun yi yaushi. Idan suka kwana, sai a wayi gari gefen ganyen ya soma komawa rawaya, ɗaurin da aka saro da tsada a karyar da shi, ko kuma a zuba wa awaki.

Asarar ta shafi ɓangare biyu. Mai sayarwa, wadda sau da yawa mace ce mai ɗan ƙaramin jari, uwar kuɗinta ke narkewa a kan faranti. Uwar gida kuwa, wadda ta sayi ganyen don a samu abin gina jiki a miyar yara, ta kai gida abin da amfaninsa ya riga ya ragu.

Mutane da yawa na ɗora laifin a kan rana ko ƙwayoyin cuta. Masana ilimin tsirrai sun gano cewa da ɗan gari akan ci gari: ganyen da kansa ne ke rushe korensa, ta hanyar wasu sinadarai da ke cikinsa masu suna enzayim. Aikin yana tafiya daki-daki bisa tsari, kuma wanda ya san tsarin zai iya rage masa gudu.

Mene ne koren, kuma mene ne enzayim?

Launin koren ganye ya samo asali ne daga wani sinadari mai suna kulorofil. Wasu masana haɗa magunguna biyu 'yan Faransa, Pelletier da Caventou, su ne suka fara ware shi daga ganye a 1817. Aikinsa shi ne kama hasken rana, wanda tsiro ke amfani da ƙarfinsa ya haɗa ruwa da iskar kabon ya samar da sukari. Wannan sukarin ne tushen gero da dawa da shinkafa da duk wani abinci da ke fitowa daga ƙasa.

Kulorofil na zaune ne a cikin wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ke cikin ƙwayoyin ganye, waɗanda ake kira kuloroflas, wato madafar tsiro. Siffarsa ta yi kama da ludayi: akwai kai mai faɗi kamar zobe, akwai kuma doguwar jela mai maiƙo da ke liƙe shi a mazauninsa. A tsakiyar zoben akwai ƙwaya ɗaya tak ta maganiziyam. Bajamushen nan Richard Willstätter ne ya tabbatar da zaman maganiziyam a cikinsa, kuma bincikensa kan launukan tsirrai ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1915.

Shi kuwa enzayim furotin ne da ke hanzarta wani sauyi a jikin mai rai, ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Kowanne da aikin da ya iya, kamar yadda kowane mabuɗi da kwaɗonsa. Bahaushe ya daɗe yana cin moriyarsu ko da bai laƙaba musu suna ba. Enzayim ɗin da ke cikin ɗanyen dankalin Hausa ko tsiron hatsi ne ke mayar da sitaci sukari a kunun zaƙi. Na cikin tumfafiya ne ke daskarar da madara a yi cuku. Na ganyen gwanda ne ke tausasa nama mai tauri. Irinsu ne kuma ke warware kulorofil idan lokaci ya yi.

Me ya sa ganye zai rushe abin da yake rayuwa da shi?

An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Mafi yawan naitirojin da ke cikin ganye, wato sinadarin da manomi ke sayen takin yuriya dominsa, yana ɗaure ne a cikin furotin na kuloroflas. Idan ganye ya tsufa, ko inuwa ta rufe shi, ko ruwa ya yanke, tsiro kan kwashe wannan dukiya ya tura ta zuwa sabbin ganye da fure da ƙwaya. Shi ya sa ganyen ƙasan masara ko dawa ke fara yin rawaya yayin da zangarniya ke cika, kuma shi ya sa gonar da taki ya yi wa ƙaranci ke fara nuna alama a tsofaffin ganye.

Sai dai akwai haɗari a wannan kwasar. Wani kaso na furotin ɗin yana rungume da kulorofil. Da zarar an raba su, kulorofil ɗin da ya zama sake zai ci gaba da kama haske, amma ba shi da inda zai miƙa ƙarfin. Sai ya zuba shi a kan iskar oksijin, ta koma wata iri mai ƙuna da ke yayyaga ƙwayar ganyen kafin a gama kwashe kayan. Don haka dole tsiro ya fara kashe wa kulorofil kaifi. Manufar rushe koren ke nan: a kawar da abin da zai iya tayar da gobara, domin a fitar da dukiyar lami lafiya.

Ganyen da aka yanko daga lambu bai mutu ba. Yana numfashi, yana ƙona sukarin da ya tara, yana kuma fitar da ruwa. Amma an raba shi da saiwa, an cusa shi cikin duhun buhu, yunwa da ƙishi sun kama shi. A wurinsa waɗannan alamomin tsufa ne, sai ya fara kwashe kayansa, duk da cewa babu sauran inda zai kai su.

Matakai biyar na rushewar

An daɗe ba a san inda koren ke tafiya ba, duk da ƙiyasin masana cewa kimanin tan biliyan 1 na kulorofil ke rushewa a duniya kowace shekara. Sai a 1991 Bernhard Kräutler tare da Philippe Matile na birnin Zurik da abokan aikinsu suka gano siffar ragowarsa ta farko a cikin ganyen sha'ir. Abin da ya ɓoye ta tsawon lokaci shi ne ba ta da launi ko kaɗan. Daga nan aka bi sawu har aka gano jerin enzayim ɗin da ke aikin.

Mataki na farko shi ne daidaita kaya. Ganye na da kulorofil iri biyu, wanda ake kira a da wanda ake kira b. Sauran enzayim ɗin da ke gaba nau'in a kaɗai suke iya sarrafawa har ƙarshe, don haka wasu ke fara mayar da b ya koma a.

Na biyu, wani enzayim mai suna SGR ya zare ƙwayar maganiziyam daga tsakiyar zoben. Nan take kore mai haske ya dusashe ya koma launin toka-toka mai duhu. Sabon sinadarin sunansa feyofaitin. Wannan matakin ne ke buɗe ƙofa ga duk abin da zai biyo baya, kuma masu bincike a Jami'ar Hokkaido ta Japan ne suka tabbatar da aikin SGR a 2016.

Na uku, enzayim PPH ya datse jelar nan mai maiƙo, kan ludayin ya rabu da mariƙinsa. Shekaru da dama an ɗauka wani enzayim daban mai suna kulorofilez, wanda Willstätter da abokin aikinsa Arthur Stoll suka bayyana tun farkon ƙarni na 20, shi ke wannan aiki. A 2009 ayarin Stefan Hörtensteiner a Zurik ya nuna cewa a ganyen da ke tsufa PPH ne ke yi. Shi kulorofilez ya fi tasiri ne idan an ji wa ganye rauni, kamar in ƙwaro ya ci shi ko an murje shi.

Na huɗu shi ne mafi muhimmanci. Enzayim PAO ya yi amfani da iskar oksijin ya ɓalle zoben, ya mayar da shi kamar buɗaɗɗiyar sarƙa. Abin da ke fitowa ja ne, amma ba ya daɗewa, domin wani enzayim mai suna RCCR kan karɓe shi nan da nan ya cire masa launin. Daga wannan gaɓa babu komawa baya.

Na biyar, a fitar da ragowar daga kuloroflas a zuba ta a wata babbar jakar ruwa da ke tsakiyar ƙwayar ganyen. Ruwan jakar na da ɗan tsami, kuma tsamin ne ke ƙarasa mayar da ita sinadarin da haske ba ya tayar masa da hankali.

To, daga ina rawayar ta fito? Tun asali tana nan. Ganye na ɗauke da wasu launuka na dangin karotin, irin wanda ke ba karas da manja launinsu, amma kore ya rufe su. Suna rushewa a hankali fiye da kulorofil, don haka idan koren ya kau sai su bayyana.

Dangantakarsa da jini

Zoben kulorofil ya yi kama ƙwarai da zoben da ke ba jini launinsa ja, sai dai na jini ƙarfe ne a tsakiyarsa a maimakon maganiziyam. Hanyar rushe su ma ta yi kama: jikin ɗan Adam kan ɓalle zoben tsohon jini ya koma kore, sannan rawaya. Abin da ake gani ke nan idan ƙurji ko tabon duka yana sauya launi, kuma wannan rawayar ce ke bayyana a idon mai ciwon shawara.

Wannan kamanni ya sa wasu masu tallar magunguna ke cewa koren ganye na rikiɗa ya zama jini. Jiki ba ya mayar da kulorofil jini. Abin da ke taimaka wa mai ƙarancin jini a cikin zogale da alayyahu shi ne sinadarin ƙarfe da folet, tare da bitamin C da ke taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen. Muhimmancin koren a nan shi ne shaida: folet da bitamin C na raguwa da sauri bayan an yanke ganye, a daidai yanayin da ke kawar da koren. Ganyen da ya yi rawaya ba guba ba ne, amma ya tafka asara. Wanda ya yi yauƙi ko wari kuwa, ƙwayoyin cuta sun shiga, zubar da shi ya kamata.

Abubuwan da ke ƙara wa aikin gudu

Na farko zafi. A ƙa'idar da masana adana amfanin gona suka sani, duk ƙarin digiri 10 na zafi kan ninka saurin numfashin ganye sau biyu zuwa uku. A Maiduguri zafin watan Afrilu da Mayu kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Ganyen da zai yi kwanaki a wuri mai sanyi kan gama tsufa cikin yini guda a kan teburin da ke ƙarƙashin kwano. Idan aka danƙare shi a buhun leda, zafin numfashinsa ma kan taru a tsakiya, shi ya sa wanda ya tura hannu cikin buhun alayyahu kan ji ɗumi.

Na biyu wata iska marar launi mai suna etilin, wadda tsirrai ke fitarwa a matsayin saƙon nuna da tsufa. Wani ɗalibi ɗan Rasha, Dimitry Neljubow, ya gano tasirinta a 1901, lokacin da ya lura iskar gas ta fitilu na karkatar da tsiron wake. Ayaba da mangwaro da gwanda da tumatir masu nuna suna fitar da ita da yawa. Akwai ta kuma a hayaƙin janareta da na Keke Napep. Ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya tayar da enzayim ɗin da ke rushe kore, don haka teburin da aka jera alayyahu kafaɗa da kafaɗa da nunanniyar ayaba yana cutar kansa.

Na uku rabuwa da saiwa. Saiwa na aika wa ganye wani sinadari mai suna saitokinin, wanda ke danne tsufa. Da an yanke, saƙon ya tsaya. Wannan na daga cikin dalilan da alayyahun da aka tuge da saiwarsa, aka kuma tsoma ta a ɗan ruwa, ke fin wanda aka yanka daɗewa.

Na huɗu rauni. A cikin lafiyayyen ganye, kowane enzayim na ɗakinsa. Murzawa da dannewa da yankawa kan fasa bangayen, su gauraya da abin da aka raba su da shi, ganyen kuma ya ƙara fitar da etilin. Baƙin da ke fitowa a bakin yankakken latas ko na'ana'a ko ɗoɗɗoya aikin wani enzayim ne daban, irin wanda ke baƙanta yankakken gauta. Saboda haka ganyen da aka yayyanka tun a kasuwa don sauƙaƙa wa mai saye ba ya jure jira.

A cikin tukunya

Tafasa na kashe enzayim, amma koren na iya gushewa ta wata hanyar. Idan ganye ya faɗa ruwan zafi, da farko korensa kan ƙara fitowa, saboda iskar da ke tsakanin ƙwayoyinsa ta fice. Idan dahuwa ta yi tsawo, tsamin da ke cikin jakar ruwan nan kan kwararo ya ture maganiziyam daga zoben. Sakamakon feyofaitin ne, kamar dai wanda SGR ke samarwa. Shi ya sa miyar yakuwa, mai tsami tun asali, ba ta taɓa zama kore shar, haka ma ganyen da aka haɗa da tsamiya ko tumatir mai yawa.

Kanwa da ruwan toka na yin akasin haka. Suna kashe tsamin, maganiziyam ya zauna daram, miyar kuɓewa ko karkashi ko lalo ta fito kore mai yauƙi. Sai dai ido ne ya ci riba, jiki ya yi asara, domin kanwa na lalata bitamin C da bitamin B1. Hanyar da ta fi ita ce a rage kanwar, a zuba ganye a ƙarshen girki, a kuma sauke da zarar ya yi laushi. Mai dafa zogale ko rama don kwaɗo ta sani cewa ruwan da ta tsiyaye ya tafi da wani kaso na amfanin, don haka gara a dafa da ruwa kaɗan.

Ga masu shanya kuka da zogale da yakuwa don ajiya, inuwa mai iska ta fi tsakar rana. Hasken rana kai tsaye na ƙone kulorofil tare da karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A mai kare ido da garkuwar yara. Garin kuka mai kore sosai alama ce ta shanyar inuwa, mai fari-fari ko ja-ja kuwa rana ta dake shi ko ya daɗe a ajiye. Ganye irin alayyahu, idan aka tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti 2 zuwa 3, aka tsame aka sanyaya kafin shanya, enzayim ɗinsa sun mutu kuma launinsa zai fi daɗewa.

Sanyi ba tare da lantarki ba

Firji na rage wa enzayim kuzari ƙwarai, amma dogaro da shi na da wuya a birnin da ya yi dogon zama cikin duhu bayan lalata turakun layin wutar Damaturu zuwa Maiduguri a watan Janairun 2021, kafin a buɗe tashar gas mai megawat 50 a watan Maris na 2023. Ko inda firjin yake, ba kowane ganye ke son sanyi mai tsanani ba. Ɗoɗɗoya, alal misali, kan yi baƙi idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 10.

Akwai dabarar da ta fito daga Arewa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa tsarin tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa mai iska. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafi daga ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Wannan aiki ya sa ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000, kuma a gwajin da aka bayyana lokacin, alayyahun da kan lalace cikin kwana 1 ya kai kwana 12. Dabarar ta fi aiki inda iska ke a bushe, wato irin yanayin Borno a hunturu da bazara. A tsakiyar damina ƙarfinta kan ragu.

Sauran matakan ba sa buƙatar jari. A yanki ganye da asuba kafin rana ta ɗumama shi. A ɗauko shi a kwando ko buhun algarara mai ɗan danshi a maimakon leda, kada kuma a danne shi da kaya masu nauyi. A raba shi da nunannun 'ya'yan itace da bakin janareta. A cire ganyen da ya fara rawaya ko ya murje daga cikin ɗauri. A jinkirta yankawa har lokacin girki.

Yayyafa ruwa na hana yaushi kuma yana sanyaya ganye, amma da sharaɗin ruwan ya zama mai tsabta. Jihar Borno ta yi fama da ɓarkewar kwalara bayan ambaliyar da ta biyo fashewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, kuma latas da lawashi da kabeji ɗanyu ake cin su. Ruwan kwata ko na kududdufi zai iya barin ganye kore, ya kuma kai cuta gida.

Daga waken Mendel zuwa dawar kaura

Ilimin ya wuce teburin mai ganye. Gregor Mendel, wanda ya kafa harsashin ilimin gado da gwajin wake a ƙarni na 19, ya yi nazarin dalilin da wasu ƙwayoyin waken Turawa ke zama kore bayan sun bushe, wasu kuma rawaya. A 2007 aka gano cewa masu koren suna da naƙasa ne a ƙwayar gadon da ke samar da SGR, don haka ba sa iya zare maganiziyam.

Masu inganta iri na neman wani abu makamancin haka a dawa: irin da ke jinkirta tsufan ganyensa idan ruwa ya ɗauke bayan fitar kai, ya ci gaba da ciyar da zangarniya har ƙwaya ta cika, karansa kuma ya yi wa dabbobi amfani. Ɗaya daga cikin layukan da masu bincike ke amfani da su wajen wannan aiki, KS19, jinin gajeriyar kaura ce ta Arewacin Najeriya. Ga manomin Borno da damina ke yawan yanke masa da wuri, 'yan kwanakin da ganyen dawa ya ƙara yana kore su ne ke raba cikakkiyar zangarniya da holoƙo.